Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo: Majalisar Sikotland da Yarjejeniyoyin Duniya

Ranar 20 ga Agustan 2009 wani jirgin sama ya tashi daga Glasgow ya nufi Tarabulus ta Libiya, ɗauke da Abdelbaset al-Megrahi, mutumin da kotu ta samu da laifin tarwatsa jirgin Pan Am a saman garin Lockerbie cikin Disambar 1988, harin da ya ci rayuka 270. Duniya ta ɗauki zafi. Shugaba Barack Obama ya ce an yi kuskure, iyalan mamata a Amurka suka fusata, aka yi ta nuna wa Landan yatsa. Alhali hannun da ya sa alƙalami a takardar sakinsa daga kurkuku yana Edinbara. Kenny MacAskill, ministan shari'a na Sikotland, shi ya yanke hukuncin, bisa dokar yankin da ta yarda a tausaya wa fursunan da likitoci suka ce ajalinsa ya kusa. Kotuna da gidajen yari na cikin abubuwan da aka sakar wa Sikotland, hulɗa da Libiya da Amurka kuwa tana hannun gwamnatin Birtaniya. A wannan rana sai ga abu biyun sun haɗe wuri ɗaya.

Abin da ya biyo baya shi ya fi jan hankalina. An katse wa Majalisar Sikotland hutu, ministan ya tsaya gaban 'yan majalisa ranar 24 ga watan ya amsa tambayoyi, sannan a farkon Satumba majalisar ta kaɗa ƙuri'a, 73 da 50, ta nuna rashin gamsuwarta da yadda gwamnati ta tafiyar da lamarin. Ƙuri'ar ba ta mayar da Megrahi kurkuku ba. Amma ta sa wanda ya yanke hukunci ya yi bayani a bainar jama'a, gaban wakilan mutanen da aka yi abin da sunansu. Ra'ayina ke nan a wannan sharhi: duk majalisar da za ta ɗauki nauyin alkawarin da aka ƙulla da duniya, haƙƙinta ne ta ga alkawarin tun kafin tawada ta bushe, kuma wajibinta ne ta bi diddiginsa ko da ba ta da ikon hana shi.

Iyakar da aka shata a takarda

Dokar Sikotland ta 1998 ita ta kafa majalisar, bayan zaɓen raba gardama na 1997 inda kusan kashi 74 cikin 100 suka amince. Ta fara zama a Mayun 1999 da kujeru 129, kusan shekara 300 bayan rufe tsohuwar majalisar ƙasar a 1707. Tsarin rabon ikon mai sauƙin fahimta ne. An jera abubuwan da majalisar Birtaniya da ke Westminster ta riƙe, duk abin da bai shiga jerin ba ya zama na Edinbara. Tsaro da harkokin waje da shige da fice suna Landan. Lafiya da ilimi da noma da kamun kifi da muhalli da shari'a da 'yan sanda suna Edinbara.

Sai dai a cikin jerin nan akwai wata togaciya da mutane ba su cika lura da ita ba. An riƙe hulɗa da ƙasashen waje, amma kiyaye alkawuran ƙasa da ƙasa da aiwatar da su ba a riƙe shi ba. Ma'ana, Landan ce ke zama a teburin ciniki ta sa hannu, Edinbara ce ke komawa gida ta gaya wa manomi da masunci da likita yadda za su sauya aikinsu. Ƙari a kan haka, sashe na 29 na dokar ya ce duk dokar da majalisar ta yi da ta saɓa wa Yarjejeniyar Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam ba doka ba ce, kotu na iya yin watsi da ita. Kafin ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, haka abin yake game da dokokin Tarayyar. Westminster ba ta da wannan takunkumi game da yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam: iyakar abin da kotu za ta yi mata shi ne ta bayyana cewa dokarta ta saɓa, dokar kuma ta ci gaba da aiki har sai majalisar ta ga dama ta gyara. Majalisar Sikotland kuwa an haife ta ne da dokar ƙetare ɗaure a ƙugunta.

Shi ya sa tun ranar farko ƙa'idojin zamanta suka wajabta kafa kwamitin harkokin Turai. Sunansa ya sha canzawa, aikinsa ya faɗaɗa ya haɗa da hulɗar waje, har a zangon da ya fara a 2021 ya zama kwamitin tsarin mulki da Turai da harkokin waje da al'adu, ƙarƙashin jagorancin Clare Adamson. Kayan aikinsa ba su da yawa: ya kira minista ya titsiye shi, ya saurari masana da 'yan kasuwa da ƙungiyoyi, ya rubuta rahoto, ya nemi a yi muhawara a zauren majalisa. Mai kallo daga nesa zai iya raina wannan. Wanda ya ga abin da ke faruwa idan ba a yi shi ba, ba zai raina ba.

Darussa biyu daga kotunan Turai

A Nuwamban 2008 Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam da ke Strasbourg ta yanke hukunci a wata ƙara da aka shigar da Turkiyya, ta ce wanda 'yan sanda suka tsare yana da haƙƙin ganin lauya tun daga tambayoyin farko. A lokacin, dokar Sikotland ta yarda 'yan sanda su tsare mutum har awa shida suna yi masa tambayoyi ba lauya. Shekara biyu aka yi ana ganin hadarin yana haɗuwa. A Oktoban 2010 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ce tsarin Sikotland ya saɓa wa yarjejeniyar, washegari majalisa ta zartar da dokar gaggawa cikin yini ɗaya. Dokar ta ba da haƙƙin ganin lauya, amma kuma ta tsawaita lokacin tsarewa zuwa awa 12, da damar ƙarawa zuwa 24. Batu mai nauyi irin wannan, da ya shafi 'yancin duk wanda ya faɗa hannun hukuma, ya cancanci watanni ana sauraron shaidu. An yi shi a guje ne domin an bari sai da hari ya wuce aka yi ihu.

Darasi na biyu ya nuna ɗaya fuskar. A 2012 majalisar ta yi dokar ƙayyade mafi ƙarancin farashin barasa, domin rage mace-macen da shaye-shaye ke jawowa a yankin. Ƙungiyar masu sana'ar wiski ta garzaya kotu, ta ce dokar ta saɓa wa 'yancin zirga-zirgar kayayyaki a kasuwar Turai. Magana ta kai Kotun Tarayyar Turai da ke Luxembourg, wadda a Disambar 2015 ta ce dokar za ta iya tsayawa ne idan an nuna cewa ƙarin haraji ba zai yi aikin da take nufi ba, ta bar wa kotunan gida su auna. A Nuwamban 2017 Kotun Ƙoli ta tabbatar da dokar, ta fara aiki ranar 1 ga Mayun 2018. An yi jinkirin shekara shida, amma dokar ta tsira, kuma abin da ya riƙe ta shi ne hujjojin lafiya da aka tara aka ajiye. Majalisar da ke aiki ƙarƙashin dokar da ta fi ta ƙasa ɗaya tsayi, tilas ta riƙa yin doka tana tuna cewa wata rana wani alƙali a wata ƙasa zai tambaye ta dalili.

A zamanin da Birtaniya ke cikin Tarayyar Turai akwai ƙofofin da za a bi. Yarjejeniyar Lisbon da ta fara aiki a 2009 ta ba majalisun ƙasashe mako takwas su duba duk sabon ƙuduri, su yi ƙorafi idan suna ganin Brussels, cibiyar Tarayyar, ta shiga gonar da ba tata ba, ta kuma ce suna iya tuntuɓar majalisun yankuna masu ikon yin doka. Ƙofar ƙarama ce, saƙon Edinbara kuma sai ya bi ta Westminster kafin ya isa. Duk da haka, ana sanin abin da ke tafe, domin ana buga ƙudurorin Tarayyar kowa ya gani tun suna ɗanyu, kuma a lokacin Sikotland tana da zaɓaɓɓun wakilanta a Majalisar Turai.

Ranar da kalma ɗaya ta ci amana

Sai ga zaɓen raba gardama na 23 ga Yunin 2016. Birtaniya baki ɗaya ta zaɓi ficewa da kashi 52, Sikotland ta zaɓi zama da kashi 62, kuma babu ko ɗaya cikin ƙananan hukumominta 32 da masu son ficewa suka yi rinjaye. Daga nan aka fara gwada ƙarfin wata al'ada da ake kira da sunan Lord Sewel, wanda ya furta ta a Majalisar Dattawa a 1998: cewa a bisa yadda aka saba, Westminster ba za ta yi doka a kan abin da aka sakar wa yanki ba sai da yardar majalisar yankin. Kusan shekara 20 ana mutunta wannan al'ada, har aka rubuta ta cikin doka a 2016. Amma a Janairun 2017, a shari'ar Gina Miller, Kotun Ƙoli ta ce al'adar ta siyasa ce, kotu ba za ta tilasta wa kowa bin ta ba.

Bango ya tsage. A Mayun 2018 Majalisar Sikotland ta ƙi ba da yardarta ga ƙudurin ficewa daga Tarayyar Turai da ƙuri'a 93 da 30, Westminster ta zartar da shi duk da haka. A Janairun 2020 majalisun Sikotland da Wales da Ireland ta Arewa duka suka ƙi amincewa da ƙudurin yarjejeniyar ficewa, aka wuce. Haka aka tsallake ƙin yardar Sikotland da Wales a kan Dokar Kasuwar Cikin Gida ta 2020. Yarjejeniyar ciniki da Tarayyar Turai kuwa, mai shafi sama da 1,200, an kammala ta ne ranar 24 ga Disambar 2020, Westminster ta zartar da dokar aiwatar da ita cikin yini ɗaya ranar 30 ga watan. Babu majalisar da za ta ce ta karanta wannan takarda da idon basira cikin kwana shida na hutun Kirsimeti.

Tsarin duba yarjejeniyoyi a Birtaniya kansa rarrauna ne. Dokar 2010 ta ce a ajiye yarjejeniya a gaban majalisar Westminster na kwanaki 21 na zama kafin a tabbatar da ita, bayan an riga an gama ciniki an sa hannu. Majalisun yankuna ba su da gurbi a wannan tsari. Da aka ƙulla yarjejeniyar ciniki da Ostireliya a Disambar 2021, da ta New Zealand a Fabrairun 2022, makiyayan shanu da tumaki na Sikotland sun yi ta kukan cewa za a buɗe ƙofa ga nama mai araha. Noma na hannun Edinbara, harajin shigo da kaya na hannun Landan. Daga baya George Eustice, wanda ya riƙe ma'aikatar muhalli da noma lokacin cinikin, ya faɗa wa majalisar Westminster cewa yarjejeniyar Ostireliya ba ta yi wa Birtaniya kyau sosai ba. A Mayun 2025 ma, da aka tsawaita wa jiragen kamun kifi na Turai damar shiga ruwan Birtaniya har zuwa 2038, gwamnatin Sikotland ta koka cewa ba a tuntuɓe ta ba, alhali fiye da rabin kifin da jiragen Birtaniya ke kamawa na jiragen Sikotland ne, babbar tashar kifi ta ƙasar kuma tana Peterhead.

Ɓarawon cikin gida

Zai yi sauƙi a ɗora komai a kan Landan, amma hakan ba adalci ba ne. Aikin farko na kowace majalisa shi ne sa ido a kan gwamnatinta, kuma a nan ma akwai yoyo. Bayan ficewa, gwamnatin Sikotland ta ɗauki manufar ci gaba da tafiya kafaɗa da kafaɗa da dokokin Tarayyar Turai a duk inda ya dace. Wata doka ta 2021 ta ba ministoci ikon ɗauko sabuwar ƙa'idar Tarayyar su mayar da ita ta Sikotland ta hanyar ƙananan dokoki, waɗanda majalisa ba ta iya yi wa gyaran fuska, sai dai ta karɓa ko ta ƙi. An yi amfani da wannan iko a 2022 a kan ingancin ruwan sha.

Tambayar da kwamitin majalisa ya nace a kanta ita ce: to, ƙa'idojin da ministoci suka gani suka bari fa, wa ya san da su? Idan gwamnati ta zaɓi bin Brussels, takarda za ta zo majalisa. Idan ta zaɓi ƙin bi, babu abin da zai zo, shiru kawai za a ji, kuma shirun nan shi ma hukunci ne da zai shafi mai fitar da kifin salmon ko mai sarrafa magunguna. Domin toshe wannan kafa majalisar ta ɗauki nauyin wani bincike mai zaman kansa daga Jami'ar Queen's ta Belfast, wanda ke bibiyar sauye-sauyen dokokin Tarayyar lokaci zuwa lokaci yana nuna inda Sikotland ta bi da inda ta kauce. A ganina wannan shi ne mafi hikimar abin da majalisar ta yi a wannan fage. Majalisar da gwamnati ce kaɗai ke gaya mata abin da ke faruwa a duniya, ko ba ta so, 'yar amshin shata ce.

Akwai kuma tarukan da ake yi tsakanin ministocin Landan da na yankuna a ɗaki a rufe. A nan ake sasanta yawancin abubuwan da suka shafi matsayar Birtaniya a waje da yadda za a raba ikon da ya dawo daga Brussels. An sake wa tarukan fasali a Janairun 2022, amma har yanzu gwamnatoci ne ke magana da gwamnatoci, majalisa sai ta jira a ba ta taƙaitaccen bayani. Shirin mayar da kwalabe da gwangwanaye a karɓi kuɗin ajiya ya nuna illar haka. Majalisa ta amince da ƙa'idojinsa, 'yan kasuwa suka kashe kuɗi suka shirya, sannan a 2023 gwamnatin Birtaniya ta ƙi yarda a keɓe kwalaben gilashi daga Dokar Kasuwar Cikin Gida, shirin ya tsaya, kamfanin da aka kafa domin gudanar da shi ya durƙushe. Kowane ɓangare ya zargi ɗayan. 'Yan majalisar da suka yi dokar kuwa ba sa ɗakin da aka yanke makomarta.

Haka nan gwamnatin Sikotland tana da nata ayyukan a ƙetare, da kuɗin masu biyan haraji. Tana da ofisoshi a birane irin su Brussels da Washington da Berlin da Paris da Beijing. Tun 2005, lokacin da Jack McConnell ke shugabantarta, take da yarjejeniyar haɗin gwiwa da Malawi, zumuncin da ya samo asali tun zamanin ɗan mishan na Sikotland David Livingstone. A taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021 ita ce gwamnatin farko da ta yi alkawarin kuɗi domin asarar da sauyin yanayi ke jawo wa ƙasashe matalauta. A Disambar 2023 David Cameron, yana sakataren harkokin waje, ya yi barazanar janye tallafin ofisoshin jakadanci bayan Humza Yousaf, shugaban gwamnatin Sikotland na lokacin, ya gana da Shugaba Erdogan na Turkiyya a Dubai ba tare da jami'in Landan a wurin ba. Duk waɗannan suna buƙatar mai tambaya: nawa aka kashe, me aka samu, da yawun wa aka yi magana? Idan majalisar yankin ba ta tambaya ba, ba wanda zai tambaya.

Yadda wasu suka yi

Ba dole ne abin ya kasance haka ba. A Beljiyam, yankuna suna da ikon ƙulla yarjejeniya da waje a kan duk abin da ke hannunsu a gida. A Oktoban 2016 majalisar Wallonia, yankin da mutanensa ba su kai miliyan huɗu ba, ta ƙi ba da izinin sa hannu a yarjejeniyar ciniki tsakanin Tarayyar Turai da Kanada. Ta daɗe tana sauraron masana kafin ta kai ga haka, kuma damuwarta ta fi karkata ga manoma da kotunan musamman da za su ba kamfanoni damar kai ƙarar gwamnatoci. An ɗage bikin sa hannu, aka ba da ƙarin tabbaci a rubuce, Beljiyam ta yi alkawarin neman fatawar Kotun Tarayyar Turai, sannan aka sa hannu ranar 30 ga watan. Kotun ta ba da amsa a 2019 cewa tsarin bai saɓa wa dokar Tarayyar ba. Paul Magnette, shugaban gwamnatin yankin a lokacin, ya sha suka, amma tambayar da yankinsa ya tayar ta samu amsar da kowa ya amfana da ita.

Ireland ta Arewa tana da nata salon. Tana ci gaba da bin wasu dokokin Tarayyar Turai a kan kayayyaki, domin kada a dawo da shinge tsakaninta da Jamhuriyar Ireland. Yarjejeniyar Windsor ta 2023 ta ba majalisar yankin da ke Stormont wani birki: 'yan majalisa 30 cikin 90, daga jam'iyyu biyu ko fiye, suna iya neman a dakatar da sabuwar ƙa'ida, an kuma kafa kwamiti na musamman mai tace su. An taka birkin karon farko a Disambar 2024 a kan ƙa'idar lakabin sinadarai, amma a Janairun 2025 Hilary Benn, sakataren yankin a gwamnatin Birtaniya, ya ce ba a cika sharuɗɗa ba. Birki yana Belfast, igiyarsa tana Landan. Majalisar Wales kuwa ta ɗauki hanya mai sauƙi: ta ɗora wa kwamitocinta aikin duba yarjejeniyoyin da aka ajiye a Westminster suna fitar da rahoto a kan abin da ya shafi Wales, ko an tambaye su ko ba a tambaye su ba.

Masu ja da wannan ra'ayi suna da hujja, kuma ya kamata a saurare ta. Suna cewa ƙasa da murya ɗaya take magana a waje, idan kowane yanki zai iya tsayar da yarjejeniya to babu mai ƙulla komai da ita, kuma ciniki yana buƙatar sirri. Akwai masu ganin cewa jam'iyyar SNP, wadda ke neman 'yancin kan Sikotland, tana amfani da harkokin waje ne ta nuna kanta kamar ƙasa mai cin gashin kanta. Akwai ƙamshin gaskiya a duka biyun. Ni ma ban ce a ba kowace majalisar yanki ikon hawa kujerar na-ƙi ba. Abin da nake kira gare shi bai kai nan ba: a nuna wa kwamitin majalisa manufofin ciniki kafin a fara, a ba shi bayani a asirce yayin da ake yi, a ba shi lokacin da zai rubuta ra'ayinsa kafin a tabbatar, kuma idan Westminster za ta tsallake ƙin yardar yanki, minista ya tashi a zaure ya faɗi dalili a kaɗa ƙuri'a a kai. Muryar da aka haɗa bayan an saurari kowa ta fi ƙarfi a teburin ciniki, domin abokin ciniki ya san abin da aka sa wa hannu za a aiwatar da shi a gida. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin da ya shafe mu

Mai karatu a Kano ko Maraɗi zai iya cewa ina ruwansa da rigimar Edinbara da Landan. Ruwansa kuwa yana ciki. Najeriya tarayya ce, ikon jihohinta daga tsarin mulki ya fito, ba aro aka ba su ba kamar na Sikotland, amma matsalar iri ɗaya ce. Harkokin waje na gwamnatin tarayya ne kaɗai. Sashe na 12 na tsarin mulkin 1999 ya ce yarjejeniya ba ta zama doka sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka, kuma idan ta shafi abin da ba na tarayya kaɗai ba, sai mafi yawan majalisun jihohi sun amince. Najeriya ta tabbatar da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara a 1991, ta yi dokarta a 2003, amma jihohin Arewa da dama sun ɗauki kusan shekara 20 kafin su yi tasu, saboda saɓani a kan batutuwa irin su shekarun aure. Da an zauna da malamai da sarakuna da majalisun jihohi tun farko, da muhawarar da aka yi a makare an yi ta a kan kari, yara kuma ba su yi ta jira ba.

Abin lura, wannan yarjejeniyar ce Majalisar Sikotland ta zartar da ƙudurin shigar da ita cikin dokarta ba hamayya a Maris 2021. Kotun Ƙoli ta ce wasu sassan sun wuce ikonta, ta koma ta gyara, dokar ta fara aiki a Yulin 2024. A can yanki ne ya yi gaba cibiya ta ja shi baya, a nan cibiya ce ta yi gaba jihohi suka ja da baya. Tushen ɗaya ne: an raba mai sa hannu da mai aiwatarwa, ba a gina musu wurin haɗuwa ba.

Jihohi bakwai ne ke iyaka da Nijar: Kebbi da Sakkwato da Zamfara da Katsina da Jigawa da Yobe da Borno. Da aka rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, da kuma lokacin takunkumin ECOWAS bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, a Abuja aka yanke hukunci, amma a kasuwannin Jibiya da Illela da Maigatari aka ji zafinsa, a gidajen da uwa ke wannan tsallake 'yarta ke wancan. Tsarin mulki bai ba majalisar jiha ikon buɗe iyaka ba. Bai kuma hana ta kiran 'yan kasuwa da direbobi da masu unguwanni ta saurare su ba, ta ƙididdige asarar da aka yi, ta rubuta, ta aika Abuja da sunan mutanenta. Bai hana ta tambayar gwamna sharuɗɗan bashin da ya ciwo daga bankunan duniya ba, ko abin da ya ƙulla a tafiyarsa ta ƙetare.

Wannan shi ne abin da na ɗauko daga Edinbara. Majalisar Sikotland ta sha kaye sau da yawa tun 2016, an tsallake ƙin yardarta, kotu ta rage mata dokoki. Amma kowace ƙuri'a tana rubuce, kowane rahoto yana ajiye, kuma duk ministan da ya tsallake ta ya san an ƙirga. Masuncin Peterhead da ɗan kasuwar Maigatari ba za su taɓa zama a teburin da ake ƙulla yarjejeniya ba. Wakilin da suka zaɓa, wanda ya san hanyar gidansu, shi ne zai kai kukansu can, kuma sai ya kai shi tun damina ba ta sauka ba, lokacin da gyaran jinka ke da amfani.